Zoɓon Nguru da Gashuwa: jan kayan da ke fita duniya ba suna

Duk wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa a watan Nuwamba, bayan an girbe gero an ɗaure dammuna, zai ga abu guda da ya rage a tsaye a gonaki. Kara ya kwanta, an ɗora harawar wake a kan bishiya saboda awaki, amma a gefen gonaki, wani wurin ma har tsakiyarsu, ga jerin tsirrai masu jan kara, tsawonsu ya kai ƙugun mutum ko ƙirjinsa, ganye ya fara zuba, rassa sun yi nauyi da jajayen 'ya'ya. Yakuwa ce ta nuna. Daga wajen Jajimaji har a shiga ƙasar Bade, haka kuma arewa ta wajen Machina da Yusufari, ita ce amfanin ƙarshe da manomin tudu ke kwashewa kafin ya sallama wa dabbobi gona.

A da ba a lissafa ta cikin amfanin gona na kirki. Shukar iyaka ce, wadda ke nuna inda gonar wane ta tsaya ta wane ta fara, kuma galibi ta mata ce. Su ke tsinkar ganyen da damina su sa a miya, su ke dafa gurguzu, wato irin, su yi daddawar batso, su ke shanya soɓorodo su ajiye don azumi da suna da biki. Yau wannan soɓorodon ne ake cusawa a buhu, a loda a tirela zuwa Kano, a zuba a kwantena a Legas, ya tsallaka teku zuwa Meksiko da Jamus. A duk tsawon wannan tafiya babu inda aka rubuta Nguru, babu inda aka rubuta Gashuwa.

Akwai wata ƙasa da ita ma take da jan abin sha da take taƙama da shi, wato Italiya da giyarta ta inabi. A nan sai na yi hanzari kafin mai karatu ya ɗaure fuska: giya haramun ce, kuma ba yabonta ya kawo ni ba. Abin dubawa shi ne yadda manomin wani ɗan ƙauye a kan tsauni ya sa duniya ta san sunan ƙauyensa, take kuma biyansa kuɗin sunan, alhali manomin Jajimaji na sayar da nasa a ma'aunin da ba ya tambayar daga ina.

Ƙasa da iska

Yakuwa ba ta da tsirfa. Rairayin jigawar arewacin Yobe, inda ruwan shekara ke tsayawa tsakanin milimita 400 da 600 kuma yawancinsa a Yuli da Agusta yake sauka, ya ishe ta. Saiwarta na nitsewa ƙasa, don haka idan ruwa ya ɗauke da wuri gero ya yi kuka, ita takan kai labari. Abin da ba ta so shi ne ta tsaya cikin ruwa, shi ya sa ba a kai ta fadamun da ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are ke mamayewa. Can wurin shinkafa ne da kifi, da kacalla wadda ta addabi masunta da manoma a tafkin Nguru da mashigin Marma. Yakuwa 'yar tudu ce.

Tana da wata ɗabi'a da manoma suka sani ko ba su karanta a littafi ba: ba ta fure sai rana ta fara gajarta. Ka shuka ta a Yuni ko a ƙarshen Yuli, kusan lokaci guda za su yi fure, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Wadda aka shuka da wuri dai ta fi rassa, ta fi 'ya'ya. Furen fari-fari ne mai ratsin ɗorawa, da jan ido a tsakiya. Da safe ya buɗe, kafin magariba ya yi yaushi. Abin da 'yan kasuwa ke kira furen zoɓo ba shi ba ne. Ɗan kofin da ke riƙe da furen ne, wanda bayan furen ya faɗi yake kumbura ya yi kauri ya yi ja, ya rufe ƙwallon iri a cikinsa. Mako biyu zuwa uku bayan faɗuwar fure ya isa tsinka.

Sai babbar kyautar da Allah Ya yi wa wannan yanki, wadda ba a cika gode mata ba: hunturu. A ƙasashe masu laima, masu noman zoɓo na fama da ruɓewa da fumfuna kafin kaya ya bushe. A Nguru iskar Nuwamba da Disamba busasshiya ce ƙayau, cikin 'yan kwanaki sai ka ji soɓorodo na ƙaras-ƙaras a hannu, launinsa bai gudu ba. Wannan bushewa ta gaggawa ba tare da wuta ko inji ba ita ce rabin ingancin zoɓon Sahel.

Ɗaya rabin kuwa a hannun mata da yara yake. Ana kawo rassan gida ko a tara a gindin bishiya a bakin gona, a zauna a kewaye. Kowane ɗa guda sai an kama shi, an tsaga da farce ko an tura ƙwallon irin ya fita ta ƙasa, a jefa jan a faifai, irin a wani kwano. Jikinsa na da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, ruwansa kuma mai tsami ne, yana cin gefen farce. Kafin azahar yatsu sun rine, an fara ɗaura tsumma a babban yatsa. Wadda ta ƙware takan fitar da shi ɗungurungum bai yage ba, kuma irin wannan shi masu saye na waje suka fi so. Kilo takwas zuwa goma na ɗanye ne ke komawa kilo guda idan ya bushe. Wanda ya ɗaga buhun zoɓo ya ji ba nauyi, ya tuna yatsu nawa suka taɓa abin da ke ciki.

Daga nan ne ake samun matsala. Wata ta shanya a tabarma ko tamfol, wata a rufin ɗaki, wani kuma ya baza a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, inda kaji da ƙura da hayaƙin mota ke ratsawa. Da an kai kasuwa, duka buhu ɗaya suke shiga.

Yadda Italiya ta ɗaure nata

A arewa maso yammacin Italiya, a yankin Piyamonte, akwai ƙauyen Barolo. Dokar ƙasar ta ce ba a rubuta wannan suna a kwalba sai inabin ya fito daga garuruwa 11 da aka zana wa iyaka, sai irinsa ya kasance Nebbiolo zalla, sai kuma an ajiye abin aƙalla wata 38, 18 daga ciki a gangar katako. A Montalcino ta yankin Toskana, abin sha mai suna Brunello ba a yin sa da wani inabi sai Sangiovese, ya yi shekara biyu a katako, kuma ba ya shiga kasuwa sai a shekara ta biyar bayan girbi. A kusa da birnin Verona kuwa, masu yin Amarone shanya inabin suke fara yi a kan tarage a ɗakuna masu iska, wata uku zuwa huɗu, har ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, don zaƙi da launi su tattaru. Manomiyar zoɓo ba za ta ga baƙon abu a wannan ba. Bambancin shi ne a can an rubuta ranar da aka yarda a fara matsewa, kuma akwai mai zuwa dubawa.

Abin ya daɗe. Tun 1716 mai mulkin Toskana, Cosimo na Uku, ya fitar da umarnin da ya shata iyakar ƙasar da za ta kira kayanta Chianti. A 1963 aka yi dokar ƙasa ta kare sunan asali, a 1980 aka fara amfani da wani mataki mafi tsauri, Barolo da Brunello na cikin na farko da suka hau shi. Kowace kwalba na ɗauke da sunan wuri, da shekarar girbi, da sunan gidan da ya yi, da lambar gwamnati a wuya. Mai saye a Amurka ko Japan ya san shekarar da aka yi ruwa da yawa da wadda aka yi zafi, kuma farashi na bin wannan sani.

Kada a ɗauka tsabar gaskiya ce ta kai su nan. A 1986 wasu 'yan kasuwa a Piyamonte suka zuba sinadarin metanol a giya mai araha don ƙara mata ƙarfi. Kimanin mutum 20 suka mutu, wasu suka makance, ƙasashe suka tsare kayan Italiya a kan iyaka. Wannan abin kunya ne ya tilasta tsaurara bincike, ya kuma sa manoma da yawa suka bar neman yawa suka koma neman kyau.

A tukunya

Kimiyya ta ce dangin sinadarin da ke ba ɓawon jan inabi launi, antosayanin, shi ne ke rina zoɓo. Daga nan hanya ta rabu. Mai giya so yake yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, yana kuma jiran shekaru. Mai zoɓo kuwa da wannan take yaƙi tun daga lokacin da ta sauke tukunya. A zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni ke wuce 40 a Gashuwa, zoɓon da aka sa wa sukari aka bari ba sanyi, kwana ɗaya ko biyu ya fara kumfa, gorar ta kumbura, ɗanɗano ya juya. Malamai sun daɗe da yin bayani a kan jiƙon 'ya'yan itace: halal ne muddin bai tsimu ya kai ga sa maye ba. Saboda haka mai sana'a ke dafa na yini guda kawai, kuma ribarta na rataye ga mai ƙanƙara. Ranar da babu wuta ƙanƙara ta yi tsada, ranar ba riba.

Masu iyawa sun san zoɓo ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙi, wanda jansa ya yi duhu, mai kauri, mai ba da launi sosai da ɗan sauƙin tsami. Akwai ja mai haske, wanda tsaminsa ke kama gefen harshe. Akwai fari, da aka fi kai wa miya, ko da yake wasu na jiƙa shi su sha. Mace mai hankali takan haɗa baƙi da ja, ɗaya ya ba ta ido ɗaya ya ba ta baki. Za ta ɗauraye shi da ruwan sanyi da sauri don yashi ya fita, ba ta barinsa ya jiƙa, don launin da ya tafi a ruwan wanki ba ya dawowa. Sannan ko ta tafasa shi da citta da kanumfari da ɗan masoro, ko ta zuba masa tafasasshen ruwa ta rufe ya kwana. Na dafawa ya fi duhu da bauri. Na jiƙo ya fi ƙamshi, jansa garau, kana hango hasken fitila ta cikin kofin gilashi. Ɓawon abarba da kokwamba shigowa suka yi daga baya, kuma ba laifi.

Maganar kanwa ita ce ake gardama a kai. Ƙasar Manga, arewa da nan, gidan kanwa ce, kuma da yawa na jefa 'yar ƙanƙanuwa don ta kashe tsami a rage kashe kuɗin sukari. Tana kashewa kuwa. Amma idan hannu ya zarce, jan ya koma baƙi-baƙi mai ratsin shuɗi, ɗanɗanon ya mutu, ya rage ruwan sukari mai launi. A ganina tsamin nan shi ne zoɓo. Wanda ba ya son sa ya nemi kunun aya. Haka nake kallon filebo na kwalba da garin lemo na leda da suka cika kasuwa: da an zuba su, zoɓon Machina da na ko'ina sun zama ɗaya, duka ƙamshin alewa suke. Dabino ko mazarƙwaila sun fi mutunta shi.

Ga masu shan sa don lafiya, akwai abin da aka tabbatar. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya ba mutum 65 masu ɗan hawan jini ko dai shayin zoɓo kofi uku kullum ko wani abin sha mai kama da shi, har mako shida. Waɗanda suka sha zoɓon, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Sai dai a lura, ba irin na gora mai sukari cokali biyar suka sha ba, kuma bai maye gurbin maganin likita ba.

Daga sikeli zuwa teku

Nguru ba baƙuwar fatauci ba ce. Tun da layin dogo daga Kano ya iso a 1930 ya tsaya a nan, garin ya zama matattarar gyaɗa da fata da ƙaro da busasshen nama, daga ƙasar Barno da kuma tsallaken iyakar Nijar. Jirgin ya yi sanyi, tireloli sun karɓa, amma tsarin bai sauya ba. Ƙaramin mai saye na zagaya kasuwannin ƙauye yana awo da kwano, ya tara ya kai wa mai sikeli a gari, shi kuma ya tura Maigatari ko kai tsaye Dawanau a Kano. A can ake zazzage buhuna a manyan sito, mata su zauna su tsince kara da tsakuwa, a tankaɗe, a matse, a ɗinke. Na Yobe, na Jigawa, na Katsina, na Damagaram, duk sun gauraye. A takardar kwantena abin da za a rubuta shi ne busasshen zoɓo, amfanin Nijeriya.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Hukumar kula da lafiyar amfanin gona da ke shige da fice, NAQS, ta ce a cikin wata tara na 2017 an tura kwantena 1,983 zuwa Meksiko, na dala miliyan 35. Mutanen Meksiko na shan sa da sanyi a gidajen abinci da bakin titi kamar yadda muke yi, kuma abin da suke nomawa ba ya isarsu. Sai ga shi an tsinci wani ƙwaron sito mai suna khapra a cikin wasu kwantenoni, cinikin ya tsaya cik a 2018. An shafe shekaru kafin a sake buɗe ƙofa, bisa sharaɗin a riƙa turara kayan da maganin ƙwari a ɗakuna na musamman kafin a loda. A tsakanin nan farashi ya faɗi, kuma wadda ta shanya nata a tabarma mai tsabta a ƙauyen Bade ta sha hukunci daidai da wanda ya ajiye kaya a sito mai ƙwari a birni. Tun da kaya ba su da suna, ba a san na wa ya ɓaci ba, sai aka hukunta kowa.

Mun taɓa ganin irin wannan. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi ɗaruruwan shekaru tana ratsa Sahara, Turawa na saye a tashoshin Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau ma wanda ya sayi kwalin shayin 'ya'yan itace a Jamus ya ga ruwan ya yi ja, da wuya ya san daga wace ƙasa jan ya fito, balle wane gari.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga yadda ake gyarawa. A Sudan, sunan garin Rahad na Kordofan ya bi zoɓonsa har kasuwar duniya. Kamaru ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku rajistar sunan asali a 2013, a ƙarƙashin ƙungiyar OAPI ta ƙasashen Afirka da galibinsu ke amfani da Faransanci. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi sahu da kilishinsu da albasar Galmi. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, kuma an daɗe ana maganar daftarin dokarta ta kare sunan asali.

Ko a cikin Gashuwa akwai abin koyi. Ƙaro, wanda Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya ta buɗe wa reshe a garin, yana da daraja-daraja da kowane ɗan kasuwa ya sani: lamba ɗaya na dakwara ne, sannan lamba biyu da lamba uku, kowanne da kuɗinsa. Mai tsintar ƙaro ya san idan ya gauraya ya yi asara, don haka yake warewa tun daga daji. Zoɓo kuwa har yanzu sikeli ne alƙalinsa. Muddin kuɗin mai yashi da na mai tsabta ɗaya ne, wa'azin a shanya a tamfol ba zai shiga kunne ba, don yashi ma nauyi ne.

Abin da ake buƙata a farko bai kai doka ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana tsakiyar gonakin nan. Ɗalibanta na aikin gona da na kimiyyar sinadarai za su iya tattara irin da ake shukawa daga Machina zuwa Jakusko, su auna launi da tsamin kowanne, a san wane ne wane, a daina dogaro da gaurayen irin da aka gada. Shirin raya yankin busasshiyar ƙasa na arewa maso gabas, NEAZDP, da ke Garin Alkali tun wajen 1990, ya saba aiki da ƙungiyoyin ƙauye. Raba tamfol da gina dandamalin shanya ba su fi ƙarfinsa ba. Manyan masu saye na Dawanau kuma, waɗanda suka ɗanɗana rufewar Meksiko a aljihunsu, su ne suka fi kowa sanin amfanin a iya bin sawun buhu har ƙauyen da ya fito. Idan suka ware farashi ga kaya mai tsabta da aka rubuta wa gari da shekarar girbi, kaka ɗaya ta isa labari ya zaga.

Kai kuma mai karatu, idan ka je sayen na azumin bana, kada ka tsaya ga tambayar nawa ne kwano. Ɗebi kaɗan ka murza, ka sansana, ka duba ko yashi ya zauna a tafin hannunka, sannan ka tambayi mai kayan na wane gari ne, kuma na bana ne ko na bara. In ya ba ka amsa, kayan kuma suka yi kyau, ƙara masa wani abu a kan kuɗin, ka gaya masa dalili.